Shekarar Da Anka Karɓe Mini Hurar Inna

Kalmar Ingilishi guda ɗaya na sani a duniya, kuma ba a makaranta na koye ta ba. Ƙanena ne ya zo da ita daga Kumasi, inda ya yi shekaru yana gyaran babur. Tana nan a bangon littafina na farko, da rubutuna na wancan lokaci mai kama da sawun kaji: rifiles. Ko haka masu ita ke rubuta ta, ban sani ba, ban kuma tambaya ba. Na dai san a shekarar da na rubuta ta anka yi mini ita.

Ni ce ɗiyar fari wurin Inna. Duk wanda ya tashi a Kurfai ya san nauyin wannan magana, amma bari in faɗa saboda yaran yanzu da ke rungumar ɗansu na fari a gaban surukai. Uwa ba ta kama sunan na fari. Ba ta yabonsa, ba ta kallonsa ido cikin ido, ba ta aikensa kai tsaye. Kakata ce ta yaye ni, ita ta riƙe ni har na yi aure. Inna kuwa in za ta yi mini magana, da bango take yi, ko da akuya, ko da murhu. Sai ka ji ta ce, "A gaya ma mutanen gidan can ruwa ya ƙare a randa." Ni ce mutanen gidan can, alhali ina tsaye kusa da ita har inuwata na taɓa ƙafarta.

Ban taɓa jin haushin wannan ba. Haka na ga ana yi, haka ni ma na yi ma nawa na fari.

Da maigidana ya rasu na dawo garinmu, anka kewaye mini ɗaki jikin gidan Inna, darni ɗaya ne tsakaninmu. Lokacin haƙoranta sun fara zubewa, tuwo ya zame mata wahala, sai ta koma hura, safe da rana. Ni na ɗauki hurar, ba wanda ya ce in ɗauka. Shekara goma sha bakwai ina yin ta. In surfe gero, in bakace, in wanke, in bari ya tsane, in daka da hannuna, in tankaɗe, in cura, in dafa, in kirɓa a turmi har dawon ya yi danƙo yana kama taɓarya. Hurata ba ta yara ba ce. Ina sa citta, ina sa kanumfari, ina sa barkono wanda in mutum ya sha zai san ya sha wani abu. Haka kakata ke yi, kuma matan unguwarmu sun shaide ni a kai.

Akwai ƙwaryar da nake dama mata a ciki. A kasuwar Lahadi ta Filinge na saye ta, fara, mai faɗin baki. Ta taɓa faɗuwa ta tsage, na kai ma gyartai ya ɗinke ta, ɗinkin ya yi baƙi don tsufa. Kullum da hantsi in aje ta gaban Inna, in ja baya in zauna a kan turmi. Ta sha ta shanye, ta kihe ƙwaryar a kan faifai, ta ce ma bango, "Alhamdu lillahi." Ba ta taɓa cewa ta yi daɗi ba, ban kuma jira ta ce ba. Ƙwaryar da anka shanye ita ce yabona. Da shi na rayu.

Sai anka buɗe ajin yaƙi da jahilci na mata a Filinge. Ina da shekara arba'in da ɗoriya lokacin, ga jikoki. Mata na ta yi mini dariya, wai tsohuwar guzuma za ta koyi noma. Na ce su yi ta yi. Na gaji da dangwala yatsa a takarda kamar wadda anka kama da sata. Matsalar ɗaya ce: ajin da safe ake yi, kwana biyar a mako, daga garinmu zuwa Filinge kuwa tahiya ce mai ɗan nisa a ƙasa. Ba yadda za a yi in daka hura in kuma iske aji.

Ƙanena ya dawo daga Kumasi a shekarar, ya buɗe rumfar gyara a ƙofar gida. Matarsa ƴar wajen Bonkuku ce, yarinya mai sanyin murya, wadda ba ka jin tahiyarta sai ka gan ta a gabanka. Ta haihu biyu amma har lokacin amarya nake ce mata. Na kira ta na ce, "Amarya, za ki riƙa yi ma Inna hura har a rufe aji da damina. Riƙon ƙwarya na ba ki, ba kyauta ba."

Ta durƙusa ta ce, "To, Yaya."

Na san inji take kai geronta. Ban damu ba, har daɗi na ji. Hurar inji warin ƙarfe take yi. Na ce a raina bari Inna ta sha ta inji wata uku, ta san abin da take da shi.

Wata Juma'a, ba aji, na fito da hantsi zan zagaya in gaida Inna. Ina jikin darni na ji muryarta, tana dariya. Na tsaya.

"Ɗiyata," in ji ta, "hannunki na da albarka. Wagga hura awa ana shafa ma maƙogwaro mai. Ƙaro mini ludayi ɗaya."

Ɗiyata. Na leƙa ta kafar darni. Amarya na zaune a tabarmar Inna, gwiwarsu na taɓa juna, tana riƙe mata da wata tasa mai zanen fure. Ƙwaryata na rataye a jikin shigifa, gizo-gizo har ya fara saƙa a bakinta. Inna na kallon yarinyar nan a fuska, tana kama sunanta, tana tambayarta ko ciwon kan jiya ya sauka.

Na san bayanin duka. Surukuwa baƙuwa ce, ba kunyar fari tsakaninsu, ana yabonta don ta ji daɗin zama. Ni da kaina zan iya yi ma wata wannan bayani. Amma sanin bai yi mini amfani ba. Shekara goma sha bakwai tafin hannuna ya yi kanta da taɓarya, ban ji kalma ɗaya ba. Wannan ta kai gero inji mako uku, ta zama ɗiya. Na koma ɗakina ban gaida kowa ba, na zauna ina kallon turmina kamar shi ya yi mini laifi.

Da la'asar ranar na fita ƙofar gida da littafina, wai zan yi bitar baƙaƙe. Ƙanena na tsugune gaban wani babur, ya zaro wani ɗan abu fari mai baƙin kai, ya hura shi, ya girgiza kai, ya jefa cikin gwangwani.

Na ce, "Ba ka gyara shi?"

"Buji ne, Yaya, shi ke ba inji wuta, in ya mutu ya mutu. A Kumasi in maigidana ya duba ya ce rifiles, magana ta ƙare. Ba gyara, ba lallashi."

"Mi ke nan?"

"Ka cire tsoho, ka sa sabo a raminsa. Nan inda wancan ya zauna, nan wanga zai zauna, aikin da wancan ke yi shi zai yi."

"Musanya ke nan."

"A'a. Musanya kowa na tahiya da wani abu a hannu. Ki ba ni akuya in ba ki tunkiya. Wannan ba a tambayar tsohon."

"Aro fa?"

Ya yi dariya. "Aro ana maidowa. Kin taɓa ganin an maida mataccen buji?"

Na dubi gwangwanin. Ya kusa cika da su, duk sun yi baƙi, sun haɗa kai.

Na ce, "Ana yi ma mutum?"

"Har mutum. Ɗan ƙwallo in ya gaji, direba in ya tsufa, mai gadi in ya cika barci." Yana ɗaure sabon da sifana, bai ko ɗago ba. "Kamar dai yadda amaryarki ta yi miki a hurar Inna. Ta hutar da ke, ke kuma ki yi bokonki."

Da zuciya ɗaya ya faɗa, na san shi, ba shi da ƙeta, wauta ce dai ta maza. Na ce ya sake faɗin kalmar a hankali. Ya faɗa sau uku, na rubuta ta a bangon littafi, na danna biro har ya huda takardar. Ya ce, "Kai, Yaya ta fara Ingilishi, saura jirgi." Na ce ya ja bakinsa ya yi shiru kafin in sa masa gwangwanin nan a ka.

Washegari tun kiran assalatu na tashi na hau turmi. Kafin rana ta fito na kirɓa, na dama, na sauko da ƙwaryata daga rataya, na wanke ta da toka, na aje gaban Inna. Ta dubi ƙwaryar, ta dubi bango. Ta sha ta shanye, ta kihe. Na ɗauki littafina na kama hanyar Filinge ina jin kamar na ci kasuwa.

Da na dawo na iske amarya na wanke tasarta mai fure.

"Mi kike wankewa?"

"Tasar Inna, Yaya."

"Ba ki ga na kawo mata da safe ba?"

"Na gani."

"To ki bari. Na karɓi abina."

Ta sunkuyar da kai. "Inna ba ta ce in bari ba, Yaya."

"Ni na ce."

"To, Yaya."

To ɗin nan nata na san irinsa. Washegari da hantsi ta sake kai tasarta. Na iske ƙanena na ce ya ja ma matarsa kunne, ya ce shi ba ya shiga tsakanin taɓarya da turmi. Ita Inna ba a tambayarta, ta yaya zan tsaya gabanta in ce zaɓi? Haka munka ci gaba. Ni da sassafe, amarya da hantsi, da rana kuma kowa ta sake kawo ragowar dawonta. Inna na shanye ƙwarya, tana shanye tasa.

Abubuwan da na yi a kwanakin nan ba na alfahari da su, amma tunda na ɗauki biro zan rubuta. Ina dawowa daga aji, kafin in aje mayafi sai na bi ta bayan ɗakin girki na duba tasar amarya, ko an rage. Ba a taɓa ragewa ba. Na taɓa sa yatsa na lakato abin da ya manne a gindin tasar don in ji warin ƙarfen, ban ji ba, na ce hancina ne ya toshe. A aji malama na nuna mana yadda ake haɗa baƙi da wasali, ni ina lissafin ko yanzu an kai tasa. Na bar sayen nonon da na saba, na riƙa tare wata Bafillata tun a bakin gari don in riga kowa kindirmo. Na ƙara citta. Na ƙara barkono. Na ce hurar yarinya lami ce, bari Inna ta ji bambanci a harshenta.

Kwana goma sha wani abu muna haka. Ran nan na dawo da azahar na iske Inna zaune jikin bango, ta dafe ƙirji, cikinta ya kumbura ya yi tauri kamar tulu, ta yi amai har sau biyu. Amarya na yi mata fifita tana hawaye. Ƙanena ya tahi ƙauye kai babur. Munka aro amalanken jaki, munka shimfiɗa mata tabarma, ni ke kora, amarya na riƙe da kanta, sai likita a Filinge.

Ma'aikaciyar da ta duba ta ta latsa cikin, ta tambayi abin da take ci. Ni na ce hura. Ta ce sau nawa? Na ce sau biyu. Amarya daga bayana ta ce, "Sau huɗu ne." Matar ta dube mu ɗaya bayan ɗaya, ta ce tsohuwa kamar wannan ko manomi a gona ba ya shan haka, kuna son ku fasa ta ne? Ta ba da magani, ta ce a rage, kaɗan-kaɗan, kuma kada yaji ya sake shiga cikinta. Ta rubuta a takarda. Na karɓa na duba, na gane baƙi uku, sauran Faransanci ne.

A hanyar komawa rana ta yi sanyi, Inna na kwance ta rufe fuska da mayafi. Na daure har munka wuce gonakin bakin gari, sannan na kasa.

Na ce, "Ga abin da hurar inji ke jawowa. Tsatsar ƙarfe da man inji a cikin tsohuwa. Shekara goma sha bakwai ina ba ta, ko atishawa ba ta taɓa yi ba."

Amarya ba ta ce to ba wannan karon. Ta ce, "Yaya, ba inji ba ne."

"Mi ne ne, likita?"

"Barkono ne. Ranar farko da na kai mata, kafin ta sha ta ce mini, ɗiyata, in za ki yi gobe kar ki sa barkono, ya daɗe yana ƙona mini ƙirji."

Na ja igiyar jaki ya tsaya.

"Ya daɗe tun yaushe?"

"Ta ce tun shekarar da haƙoranta na gaba sunka zube."

Na ƙirga. Shekara ta biyu ke nan da fara hurata. Goma sha biyar tana sha yana ƙona ta, tana kihe ƙwarya tana hamdala, ni ina zaune a kan turmi ina jin ni wata ce.

Na manta da wa nake magana, na juya na ce, "To mi ya hana a gaya mini? Bakina gare ni kaɗai, ba kunne?"

Inna ba ta buɗe fuska ba. Daga ƙarƙashin mayafi ta ce, "Jakin ga ya cika tsayuwa. Tahi, jaki. Abin da na fari ya kawo, sha ake yi."

Wata za ta ce a nan zuciyata ta yi sanyi. Ba ta yi ba. Na ji abin da ke cikin maganar, ba kurma ba ce ni. Amma abin da ya fi damuna shi ne, abin da anka ɓoye mini shekara goma sha biyar, an gaya ma ƴar Bonkuku a ranar farko, a sauƙaƙe, kamar ana cewa miƙo mini ludayi. Ni an sha wuta saboda ni. Ita an gaya mata gaskiya. Har munka isa gida ina auna wanne ya fi, kuma na san wanda da an ba ni zaɓi zan ɗauka.

Da Inna ta ji sauƙi na ce ai abin mai sauƙi ne, in cire barkono. Na daka ba yaji, na dama, na ɗanɗana a ɗakina. Sannan na aika a ce ma amarya ta ɗibo mini tata, wai zan duba ko ta bi maganar likita. Na rufe ƙofa na sha. Laushinta ba irin nawa ba ne. Tawa, komai tankaɗe, akwai ɗan tsakin da ke tsaya ma mutum a dasashi, ni mai haƙora ban taɓa lura ba. Tata tana wucewa kamar ruwa. Ta fi tawa, ga tsohuwar da ba ta da abin tauna.

Zan iya kai gerona inji ni ma. Na yi wannan tunani. Amma in na kai ƙwarya, amarya ba za ta bar kai tasa ba, tunda Inna ba za ta ce ta bari ba. Inna kuwa ba za ta maido tawa da ko ludayi ɗaya a ciki ba, ko da za ta kashe ta. Cikin ɗaya ne, an ce a rage. Dole ɗayanmu ta janye, kuma wadda ake iya ce ma a'a ba ita ce matsalar ba.

Da safe ban hau turmi ba. Na tashi a lokacin da na saba, na zauna bakin gado, hannuwana a cinya ban san inda zan kai su ba. Ina jin amarya ta wuce da kwanon gero za ta inji. Na ɗauki littafi na tahi aji da wuri, na iske ba a ko buɗe ƙofa ba.

Bayan kwana uku ina shara jikin darni, na ji Inna na magana da bango, da ƙarfi yadda zai tsallako.

"Tasar ga na da sanyi a leɓe. A tambayi mutanen gidan can ko ƙwaryar nan mai ɗinki na nan."

Har yau ban san ko don ni ta faɗa ba, ko kuwa da gaske tasar ke damun leɓenta. Inna ba mai ƙarya ba ce, tana iya yiwuwa leɓen ne kawai. Na ɗauko ƙwaryar na kai ma amarya.

Na ce, "A ciki za ki riƙa damawa. In ta gama ki aje mini, ni ke wankewa. Kar in ga kin sa mata soson ƙarfe."

"To, Yaya."

Shekara uku Inna ta ƙara a duniya. Na gama aji, na iya karanta wasiƙa, na iya sa hannu da sunana. Kullum in na zagaya in iske ƙwarya kihe a kan faifai, in ɗauka in wanke da toka in rataye. Kullum kuma sai na ji ana cewa ɗiyata ta kafar darni, bai taɓa daina yi mini zafi ba, sabawa dai na yi, kamar mai ƙaya a dunduniya. Ranar zaman makoki mata na ta shigowa suna kama hannun amarya, suna cewa kin yi jinya, Allah shi ba ki masu yi miki. Ina zaune gefe ina cewa amin.

Yanzu ni ma haƙoran gaba sun fara motsi. Muna zaune lafiya da amarya, ɗiyanta a ɗakina suke wuni. In ta dama hura takan aiko mini a ƙwaryar nan mai ɗinki. Ina sha, ina shanyewa, tana da daɗi ƙwarai. Ban taɓa gaya mata ba. Ita ba ɗiyata ta fari ba ce, ba kunya ce ta hana ni ba.